Abin da Muke Ji ta Bayan Bango

Mu mutanen zango a ƙasar Gana mun san cocin maƙwabtanmu ta waje sani na haƙiƙa. Mun san ƙararrawarsa da gangunansa, mun san lasifikar da ke kwana tana amo daren Juma'a har gari ya waye, mun san ayarin mata cikin fararen zannuwa ranar Lahadi. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna Kiristoci sun kai kashi 71 cikin 100 na mutanen ƙasar nan, Musulmi kuwa kusan kashi 20, kuma a nan kudu inda Kumasi take ratar ta fi haka faɗi. Saboda yawan nan da amon nan, da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa coci ne yake yin Kirista, fasto ne kuma yake riƙe shi. Amma duk wanda ya taɓa zama gidan haya ɗaya da Tonawa ko mutanen Fante, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, bango ɗaya tsakanin ɗaki da ɗaki, ya san babban aikin a cikin ɗaki ake yin sa, da murya ƙasa-ƙasa, kuma iyaye ne masu yin sa.

A gidan da aka riƙe tsohuwar tarbiyyar cocin Presby ko Methodist, lokacin da ladaninmu yake kiran assalatu, uwa tana tashin yara. Sukan zauna a bakin gado su rera waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙin coci da harshen Twi, a karanta ayoyin da aka tsara wa wannan rana, domin 'yan Presby suna da ɗan littafin shekara mai nuna karatun kowace rana, sa'an nan uba ko uwa ta yi addu'a. Abin lura a addu'ar shi ne ana ambaton kowa da sunansa: wannan yana da jarrabawa, kaka tana kwance a ƙauye, kuɗin haya ya gabato. Duka bai wuce minti 15 ba. Kafin a sa hannu a abinci a yi godiya, kafin a kwanta a sake. Daren Asabar a goge kayan Lahadi, da safe a damƙa wa kowane yaro 'yan sulalla a tafin hannu domin ya jefa baiko da kansa. Yaron da ya yi shekara 10 a haka, ko da daga baya ya bar zuwa coci, ranar da ya shiga ƙunci waƙar bakin gadon nan ce za ta fito daga bakinsa.

Ba mu kawo wannan zance domin auna addininsu da namu ba. Kowa ya san inda muka tsaya, su ma sun san inda suka tsaya. Dalilin kawo shi shi ne 'ya'yanmu da nasu aji ɗaya suke zama, wasu gidajenmu kuma aure ya haɗa su da nasu, don haka sanin yadda suke gadar da abin da suka yi imani da shi ya zama wajibi ga mai son ya gadar da nasa.

Tarihin cocin Presby a ƙasar nan ya isa hujja a kan ƙarfin gida. Turawan mishan na birnin Basel, a ƙasar Suwizalan, sun sauka Osu a ƙarshen 1828, su huɗu, kuma cikin shekara 3 zazzaɓi ya kashe su duka. Aka aiko wasu uku a 1832, biyu suka bi na farko, saura Andreas Riis kaɗai, wanda ya hau tudun Akuapem ya zauna Akropong a 1835. Ya koma Turai a 1840 bai yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Shekara 12 ta wa'azi, kaburbura jere, babu mabiyi. Abin da ake ba da labari a Akropong har yau shi ne sarkin garin ya nuna masa cewa littafi na Bature ne, sai in an nuna musu baƙar fata mai karanta shi sa'an nan za su saurara. To, da mishan ya sake shiri, iyalai ya nemo. A 1843 Riis ya dawo da mutum fiye da 20 daga tsibiran Karibiyan, mafi yawansu daga Jamaika, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka: iyalai 6 da samari 3. Aikinsu na farko shi ne su zauna kawai, su gina gida, su yi noma, su haifi 'ya'ya, su yi addu'ar safe inda mutanen gari za su gani.

Sakamakon ya fito bayan shekara 75. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Ingila ta kwashe Turawan Basel daga Gold Coast saboda alaƙarsu da Jamus, ana ganin cocin zai watse. Da aka yi babban taro a Akropong a 1918, wanda aka zaɓa shugaba shi ne Peter Hall, magatakarda kuwa Nicholas Clerk, dukansu 'ya'yan waɗancan mutanen Jamaika ne, an haife su a ƙasar nan, sun tashi a waɗancan gidaje. Mai shuka ya tafi, gona ba ta mutu ba, domin irin ya riga ya shiga rumbun gida.

Wani abin da zai ba ɗan zango mamaki shi ne su ma sun taɓa yin nasu zangon. Mishan na Basel yakan yanki fili a gefen gari ya kira shi Salem, duk wanda ya karɓi addinin ya tashi daga gidan danginsa ya koma can. A Salem ƙararrawa ce ke tada mutane, ita ce ke kwantar da su, dattawan ikilisiya suna lura da wanda ya sha giya, da wanda ya doki matarsa, da yaron da bai je makaranta ba. Har yau a Osu da Akropong da Abetifi akwai unguwa ko makaranta mai wannan suna, kuma in an ce wane ya sha horon Presby, kowa a ƙasar nan ya san ana nufin mutum mai kiyaye lokaci, mai tsabta, mai taurin ƙa'ida. Tsarin ya yi tsada a wani ɓangare. Ya raba 'ya'ya da danginsu, ya raba talakawa da sarakunansu, har Nana Ofori Atta na Ɗaya, sarkin Akyem Abuakwa, ya rubuta wa cocin takardar koke a 1941 a kan yadda Kiristoci suka ware kansu daga al'amuran ƙasarsu. Mu da kakanninmu suka zo da fataucin goro ta Salaga, aka ba su masauki a gefen gari, mun san daɗin irin wannan zama kuma mun san ɗacinsa. Unguwa takan taya uba tarbiyya, kowane dattijo a ƙofar masallaci uban kowa ne. Sai dai Salem ta narke cikin gari tun tuni, zango ma yana narkewa: wanda Allah ya buɗa masa yakan sayi fili a bayan gari inda maƙwabcinsa na dama da na hagu ba su san sallama ba. Su da katangarsu ta riga tamu faɗuwa, abin da ya rage musu shi ne minti 15 ɗin nan na asuba, kuma ya riƙe su.

Sirrin na biyu harshe ne. Johannes Zimmermann ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Ga, aka kammala a 1866. Johann Christaller tare da 'yan ƙasa irin su David Asante da Theophilus Opoku suka kammala na Twi a 1871, ya kuma tattara karin magana 3,600 na Twi ya buga a 1879. Ma'anar wannan a cikin gida ita ce tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya haddace Zabura da harshen da take sayar da kifi da shi, tana iya tsawata wa jikanta da aya kamar yadda take tsawata masa da karin magana. Addinin bai tsaya a bakin malami ba, ya sauko madafa. A nan ya kamata mu tsaya mu dubi kanmu. Karatunmu da sallarmu da Larabci suke, haka kuma za su tabbata, amma fahimtar addini a zango da Hausa ta zo: tafsirin watan azumi, fassarar Ahalari da Ishmawi da Risala a zaure, waƙoƙin wa'azi da mata ke rerawa suna daka, labaran annabawa da kaka ke bayarwa bayan isha'i. Hausa ce ta haɗa Bamoshe da Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe a sahu ɗaya. Yau a gidaje da yawa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango uwa tana yi wa yaro Hausa yana amsawa da Turanci ko Twi, wasu iyayen ma alfahari suke yi da hakan. Yaron da ya haddace Larabcin da bai san ma'anarsa ba, ya kuma rasa Hausar da za a fassara masa da ita, yana zaune kusa da abokin da yake jin kowace kalma ta addu'arsa. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Gaskiya ne makaranta ta taɓa ƙwace 'ya'ya daga iyayensu, kuma kakanninmu ba mafarki suka yi ba. Waɗanda aka fara yi wa baftisma a Akropong a 1847 'yan makaranta ne, David Asante yana cikinsu, kuma iyayensu ba Kiristoci ba ne. Malamanmu sun ga haka suka hana 'ya'yansu shiga, aka yi shekaru masu yawa ɗan zango yana dako a Kejetia ɗan Salem yana zaune a ofis. Sai da aka samu makarantun Larabci da Turanci, gwamnati kuma ta kafa sashen ilimin Musulunci a 1987, sa'an nan hankali ya fara kwanciya. Tsoron bai ƙare ba, kuma yana da tushe: kowa ya tuna ce-ce-ku-cen azumin 2021, lokacin da wata makarantar 'yan mata ta mishan a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi, maganar ta kai har majalisa. Haƙƙin yaranmu ne su yi salla da azumi a duk makarantar da kuɗin harajinmu ke biyan malamanta, kuma shugabanninmu sun yi daidai da suka tsaya a kan haka. Amma a cikin waɗanda muka sani sun yi shekara 3 ko 5 a makarantun kwana na mishan, suna zama taron safe suna jin waƙoƙin coci kullum, akwai limamai da alhazai da masu gina masallatai a yau. Waɗanda suka kauce, in aka bi sawunsu, galibi tun daga gida igiyar ta kwance.

Kiristoci da kansu sun san wannan, shi ya sa suke girmama iyaye mata a tarihinsu. Suna ba da labarin Timoti, almajirin Bulus, wanda ubansa Bahelene ne, amma ya ɗauki bangaskiya daga uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis. Suna ba da labarin Monika ta ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wadda mijinta ba Kirista ba ne, ta yi shekaru tana kuka da addu'a a kan ɗanta Agustin har ya zama ɗaya daga cikin manyan malamansu. Matan Methodist a ƙasar nan suna da ƙungiya mai sunan Susanna Wesley, uwar John Wesley da ya kafa ɗariƙar, wadda duk da yawan 'ya'yanta ta ware wa kowannensu lokacinsa a mako tana zama da shi shi kaɗai tana tambayarsa halin zuciyarsa. Duk yarinyar da ta tashi a coci ta ji waɗannan labarai, ta kuma san cewa a biyu daga cikinsu uba yana wani addini dabam, uwa ce ta yi nasara.

Wannan ya kawo mu ga ƙarar da ta fi kowace nauyi a cikin waɗanda ke zuwa gaban dattawan zango, wadda masu riƙe littafin fada suka rubuta irinta ba sau ɗaya ba. Shari'a ta halatta wa Musulmi auren mace daga ma'abota Littafi, samarinmu kuwa suna yi. A wajenmu ɗa na uba ne, babu gardama. A wajen Tonawa jini daga uwa yake, ɗa ɗan dangin uwarsa ne, kawu ɗan'uwan uwa yana da magana a kansa fiye da yadda Bahaushe yake zato. Ranar suna kowa yana murna, an yanka rago, an yi huɗuba a kunne, dangin uwa kuma sun kira shi Kwaku ko Kofi bisa ranar haihuwarsa. Rigimar sai bayan shekaru take tashi.

Wata rana wani direban babbar mota mai ɗaukar kaya daga Tema zuwa Wagadugu ya kawo ƙarar matarsa da surukarsa. Ya dawo daga tafiya, an kawo abinci, ɗansa mai shekara 9 ya rufe ido ya yi addu'a irin ta coci kafin ya ci. Mutumin yana magana jikinsa na rawa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na raɗa masa suna, ni nake biyan kuɗin makarantar allo Asabar da Lahadi, ban taɓa fashi ba. An ci amanata a cikin gidana.”

Aka juya ga tsohuwar, aka sa tafinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba ta taɓa hana yaron zuwa wajen malam ba, ita ce ma take wanke masa farar rigarsa ranar Juma'a. Amma yaro yana tsoron duhu, in ya farka da dare yana kuka babu kowa sai ita, ita kuwa abin da uwarta ta ba ta lokacin da take tsoron duhu shi ta ba shi, ba ta da wani.

Dattijon da ke kan kujera ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce wa direban, “Ɗana, wace sura yaron ya kai?” Direban ya dubi ƙasa. Aka kira yaron, ya ce yana Lam Yakun. Aka ce ya karanta Fatiha, ya karanta ba kuskure. Aka tambaye shi da Hausa me take nufi, bai gane tambayar ba sai da aka maimaita masa da Twi.

Abin da aka yanke shi ne yaron ya riƙa wuni a gidan gwaggonsa bayan makaranta domin kunnensa ya saba da Hausa, uban kuma duk daren da yake gari ya riƙe hannunsa zuwa magariba ya zauna da shi har isha'i, in yana hanya ya kira shi a waya kafin ya kwanta. Aka kuma gargaɗe shi da kakkausar murya kada ya kuskura ya zagi addu'ar uwar a gaban ɗanta, domin addininmu ya wajabta wa ɗa kyautata wa uwa ko da ba su haɗa alƙibla ba, kuma yaron da aka tilasta wa zaɓi tsakanin Allahn ubansa da ƙirjin uwarsa, kowa ya san inda zai faɗa. Wasu daga cikin mazauna fada sun so a raba yaron da uwar gaba ɗaya. Ra'ayinmu shi ne dattijon ya fi su hangen nesa. Ko a koyarwar Tonawa ta gargajiya, jini ne kawai na uwa, ruhi da hali daga uba suke zuwa, wato su ma sun bar wa uba kujerarsa a zuciyar ɗa. Direban ne bai zauna a kanta ba, ya aika kuɗi su zauna masa.

Kada a ɗauka maƙwabtan namu hankalinsu kwance yake. In ka zauna da dattawan Presby na Adum ko na Methodist a wajen makoki, kukansu irin namu ne. Iyaye a Accra suna fita tun ƙarfe 4 na asuba don gudun cunkoso, addu'ar safe ta koma cikin mota ko ta mutu. Sababbin coci-cocin Fentikos, waɗanda yanzu mabiyansu suka fi na kowace ɗariƙa yawa a ƙasar nan, da yawansu da Turanci suke wa'azi, yara a wani ɗaki iyaye a wani, jika ba ya iya rera waƙar da kakarsa za ta so a rera a kan gawarta. Wasu sun bar 'ya'ya wajen kakanni sun tafi Ingila da Amurka da Italiya neman kuɗi, ana tarbiyya ta WhatsApp. Wani katikis da ya yi ritaya, wanda muka daɗe muna gaisawa da shi, ya taɓa cewa a da iyaye ne ke kawo wa coci Kirista, yanzu kuwa yaro suke kawowa su ce a mayar musu da shi Kirista cikin awa 2 na ranar Lahadi. Duk malamin makarantar allo da ya ji wannan magana zai ce daga bakinsa aka ƙwace ta.

Akwai kuma abin da bai kamata a kwaikwaya ba. Tsananin Salem ya fitar da mutane masu ƙa'ida, ya kuma fitar da wasu da suka tsani duk abin da ya shafi addini saboda bulalar da suka sha da sunansa. Mu ma muna da masu irin wannan tabo daga dorinar gardi. Abin da muka ga ya dawwama a gidajensu ya fi kusa da taushi: a kira sunan yaro a cikin addu'a yana ji, a bar shi ya karanta ayar da kansa ko da yana tuntuɓe, ya ga ubansa a durƙushe. Lokacin da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, yana cika shekara 100, wasu sun yi gunaguni. Amma mutumin da ya tashi a gidan malamai, ya fara karatu a gaban mahaifinsa, ba ya tsoron zama a kujerar maƙwabci, domin ya san abin da yake ɗauke da shi.

Tun bayan ƙararraki irin ta direban nan, in saurayi ya zo neman dattawa su shige masa gaba wajen auren 'yar Kirista, akwai tambayar da ake yi masa kafin a kai goro, ana kuma rubuta amsarsa a littafi: in Allah ya ba da haihuwa, wa zai kasance tare da yaron tsakanin magariba da barci, kuma da wane harshe za a yi masa magana? Ana yin tambayar a gaban waliyyinsa, wani lokaci har da kawun yarinyar, domin shi ma ya faɗi abin da danginsa suke tsammani tun ba a shiga daga ciki ba. Mafi yawan samari sukan ce za su sa shi makaranta, sai a ce musu ba ita aka tambaya ba. A bara an ɗage wani aure har wata 2 a kan wannan tambaya, sai da gwaggon ango, wadda mijinta ya rasu, ta yarda ta taso daga Ejura ta zauna a gidan, aka ware mata ɗaki, sa'an nan aka sa rana.